Koren Kan Jirgina

Daren Laraba, watan Safar, Misfala

Yau kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa a nan Makka, ya shigo ɗakina, ya tarar da ƙananan kawunan jirgin ƙasana na wasa guda bakwai a kan layin dogon da na shimfiɗa bisa tebur. Bai kula na kanti ba, sai koren da na shekara biyu ina haɗawa da hannuna, irin wanda Baba ya tuƙa yana jera taragu a tashar Zariya.

"Masha Allah, ya Sani! Hadiyya ce?" Wato kyautarsa yake nema.

Igamata, takardar izinin zamana, za ta ƙare wata mai zuwa, kuma shi zai sabunta ta. Na miƙa masa, na ce, "Tafaddal, ya Shaikh." Ni da kaina na naɗe masa a jarida, har da murmushi. Wai zai riƙa danne takardu da shi a ofis.

Murmushin nan ne ya hana ni barci.