Akwatin da Bai San Ungulu Ba

Zuwa ga: Mai girma Kumandan, Lakwal ta Koyar da Matuƙan Jiragen Soja, Tudun Shaho
Daga: Jatau Ashafa, mahauci, unguwar Albarika, Parakou
Ranar 9 ga Yuni, 1969

Game da: Rasuwar ɗana, Sarjan Idrisu Jatau, da tashin da aka sa wa ƙanensa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Wata tara ɗana ya yi yana koyon tuƙin jirgin sama cikin akwatin nan naku mai jijjiga, wanda ba ya barin ƙasa. Ya shaida mini cewa sau huɗu kacal ya hau jirgin gaske, saboda ƙarancin mai.

2. Ranar Alhamis, 15 ga Mayu, da hantsi, aka tura shi Djougou shi kaɗai. Yana sauka ta wajen Sérou ya faɗa cikin garken ungulu, guda ta fasa gilashin gabansa, jirgin ya faɗi. Alhamis ranar yanka ce a can. Babu mahaucin da bai san cewa daga hantsi zuwa azahar ungulu ke shawagi a kan mahauta ba. Akwatinku yana ƙarƙashin rufin kwano, ko tsattsewa ba ta taɓa gifta masa ba.

3. Takardarku ta 22 ga Mayu ta ce gangancin matuƙi ne. Ranka ya daɗe, wannan kalma ta ƙona mini rai. Ni aka kira na kwashe shi. Shekara talatin ina rarrabe ƙashi da tsoka, amma sai da agogonsa na gane ɗana.

4. Na samu labarin an sa ƙanensa, Dogo, wanda shi ma ɗan akwatin ne, ya bi hanyar nan ranar 19 ga Yuni. Alhamis ce, kuma da hantsi.

Saboda haka ina roƙon a soke wannan tashi, a goge kalmar ganganci daga takardar mamaci, a kuma turo malaminsu ya zauna da mu mahauta ko da wuni guda ne. Ba mu yi boko ba, amma mun san lokacin tsuntsu.

Uwarsu Mairo ba ta san da tafiyar Dogo ba tukuna. Ni zan gaya mata, kuma amsarka nake jira kafin in buɗe baki.

Allah ya ja zamanin Kumandan.

Naka mai biyayya,
Jatau Ashafa