Alhaji, Ka Sallame Ni Amma Ka Riƙe Bizata

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin kargo da na yi wa aiki a Port Saeed, Dubai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, kuma kasuwa tana albarka.

Ban ambaci sunanka ko na kamfanin ba, don ba tozarta ka na nufa ba. Na sa wasiƙar nan a zauren intanet na 'yan Arewa mazauna Dubai ne saboda na kira wayarka har na gaji, na tura saƙo ka karanta ka yi shiru, na zo ofis aka ce kana China, na sake zuwa aka ce ka tafi Umara. A zauren nan kuwa kullum ina ganin kana saka hotunan kwantena, na san za ka gani.

Ni ne Nasiru, wanda ya shekara biyar a sitonka yana karɓar kayan 'yan kasuwar Kano, yana auna su, yana bin su har su hau jirgi. Da kasuwa ta ja baya ka kira ni ka ce ba za ka iya riƙe mu duka ba. Ban yi maka musu ba, kuma ka ba ni haƙƙina. Maganar nan ba ta kuɗi ba ce.

1. Abin da nake nema ƙarami ne. Bizar zamana tana ƙarƙashin kamfaninka. Matata Asma'u ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a garin nan, kuma doka ta yarda ta ɗauke ni a ƙarƙashinta ba tare da na fita ƙasar ba. Sai dai ba a ɗora biza a kan biza. Dole ka soke taka tukuna. Wata na uku ke nan ina jira.

2. Duk abin da ke wuyanmu mun sauke. Aurenmu a masallacin unguwa aka ɗaura shi, takardar da muka yi amfani da ita a da kuma aka ce ba ta isa ba. Yayana ya bar shagonsa ya je kotu ya karɓo shaidar aure, ya kai Abuja aka buga hatimi, aka aiko mana, muka kai aka fassara da Larabci, aka sake buga wani hatimin a nan. Aka ce sai da takardar haya da sunanta, mu kuwa a Al Nahda ɗaki ɗaya muke haya a gidan da muke raba kicin da wasu iyalai. Muka tattara muka koma International City, inda ƙarfinmu ya kai. Yanzu Asma'u tana idar da sallar asuba take fita, bas biyu take hawa kafin ta isa aiki. 'Yarmu Ihsan tuni muka mayar da ita bizar uwarta. Ni kaɗai na rage, kuma a hannunka na maƙale.

3. Ka haɗa ni da mandub, mai kai takardun kamfani ofisoshin gwamnati. Kullum na kira shi amsarsa ɗaya ce: bukra inshallah, wato gobe in Allah ya so. In na matsa sai ya ce shwaiya shwaiya, habibi, wato sannu sannu, abokina. Wata rana ya ce na'ura ce ta tsaya, wata rana ya ce sa hannunka ake jira. Da na gaji na je wani ofishin buga takardu da kaina. Ma'aikacin ya duba kwamfuta, ya juyo da ita ya nuna mini. Katin kamfaninka na hukumar shige da fice ya ƙare tun kafin ka sallame ni, ba a sabunta shi ba, kuma muddin yana haka ba bizar da za a iya sokewa. Alhaji, ka san da wannan ranar da ka miƙa mini hannu ka ce cikin mako guda za a gama. Da ka gaya mini gaskiya, da na san irin shirin da zan yi. Maimakon haka aka bar ni ina hawa jirgin ƙasa zuwa Deira, inda ofishinka yake, ina dawowa, ana ba ni shayi a ofis ana ce mini gobe.

4. Bizata za ta ƙare a ƙarshen watan gobe. In ta ƙare a haka, ni ne zan zama wanda ya wuce wa'adi, ba kai ba. Wani sito a Sharjah ya nemi in fara aiki, suka jira ni, da suka ga takarduna ba su fito ba suka ɗauki wani. Abin da ya fi wannan damuna shi ne Ihsan. Ka san tana da sikila, don kai ka sha ba ni izinin tashi da wuri in kai ta asibiti. Makon jiya ciwon ya tashi uwarta tana bakin aiki. Ni na gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi, na ba ta magani, da abin ya ƙi na ɗauke ta a kafaɗa na sauko neman tasi. In aka fitar da ni daga ƙasar nan, wa zai yi wannan? Maƙwabtanmu ko yarensu ba ma ji.

5. Sau ɗaya na samu ganinka, bayan sallar Juma'a, a bakin masallaci. Na matso na gaishe ka, na yi maganar a hankali don kada kowa ya ji. Kai kuwa ka ɗaga murya ka ce, "Haba Nasiru, namiji kamarka mace ce za ta zama kafilinka, ta ɗauke ka a bizarta? Ka koma gida ka huta mana, in kasuwa ta buɗe sai in kira ka." Mutanen da ke tare da kai suka yi dariya, ni ma na yi murmushin yaƙe, don ba a mayar wa babba magana a cikin jama'a. Ga amsata yanzu. Shekara huɗu Asma'u tana ƙarƙashin bizata kafin ta samu aiki, ba wanda ya yi dariya. Yau Allah ya juya lamarin, ita ce a tsaye, kuma ba na jin kunyar haka. Batun komawa gida kuwa, ka fi ni sanin yadda bizar ƙasar nan ta yi wa mai fasfon Najeriya wuya. Kai da kanka ka sha gaya wa 'yan kasuwa su yi haƙuri. Wanda ke ciki ba ya fita da wasa.

6. Mutane da yawa sun ce in kai ƙara ofishin ƙwadago, kuma na san hanyar. Abin da ya riƙe ni shi ne yaran da na bari a sito. An gaya mini ƙara tana iya jawo a tsayar da takardun kamfani, kuma a cikinsu akwai wanda yake jiran sabunta bizarsa, akwai wanda yake shirin kawo matarsa. Tare muka ci abinci a faranti ɗaya, ba na so in zama sanadin wahalarsu. Amma su ma ya kamata su sani cewa katin da ya tsayar da ni, su ma zai tsayar da su.

Don haka ina roƙonka abu uku. Ka sabunta katin kamfani cikin makon nan. Ka sa hannu a soke bizata, a ba ni takardar sokewar a hannuna. Idan kuma akwai abin da ya hana, ka kira ni da kanka ka gaya mini, kada ka sake tura ni wurin mandub. Zan jira har Juma'a mai zuwa. In ta wuce ban ji komai ba, ranar Litinin zan kai ƙara, kuma jama'ar zauren nan shaida ne cewa sai da na fara zuwa ƙofarka.

Na ci arziki a hannunka, ban manta ba. Allah ya buɗa maka kasuwa, ya raya maka zuri'a, ya kare ka daga ranar da zaman iyalinka wuri ɗaya zai rataya a kan sa hannun wani.

Wassalam.

Tsohon ma'aikacinka,
Nasiru, baban Ihsan,
International City, Dubai.