A Mayar wa Malam Ƙarfen Madubinsa

Zuwa ga Mai Girma Ma'aikacin da ke sa hannu a takardun bindiga,

Gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe. Ni ce Hajara, matar Malam Sale maharbi, daga Rurum Tsohon Gari. Ka yi haƙuri da rubutuna, da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, baƙaƙena kamar kaza ta bi ta kan taɓo. Na kai maganar jarida ne don sau uku Malam yana zuwa ofishinka ana ce masa ya dawo. Jakinmu har ya haddace hanya.

Na farko. Baturen gona da ya koma ƙasarsu bara ya bar wa Malam bindigarsa, mai madubin hange a sama, irin wanda ake cirewa a mayar. Idon Malam ya fara rauni, da madubin nan yake ganin gadu tun yana gangarowa daga dutse. Da ya kai bindigar a yi mata takarda, akawunka ya ce takarda bindiga ta ambata, ba ta ambaci ƙari ba. Ya kwance madubin ya miƙa masa, amma ƙarfen nan mai zobe biyu da ke riƙe shi, sai ya jefa a aljihun tebur. An ba mu guga, an riƙe igiya.

Na biyu. Malam ya ɗaure madubin da tsirkiya, yadda ya saba da bakansa tun yana saurayi, ya tofa addu'a. To, tsirkiya in ta sha raɓa sai ta saki, in ta sha rana ta ƙanƙame, madubi ya karkata ba ka sani ba. Ya auna gadu, ya sami tuluna da ke gindin kuka. Tulun ya mutu nan take, gadun ko waiwaye bai yi ba. Na yi masa tsiya har na gaji, amma ranar bai ci tuwo ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ya dawo yana sunkuyar da kai ba sai ranar.

Na uku, harsashi. Wanda kuka yarda a sayar masa mai taurin kai ne. Ko an dace, ratsa gadu yake yi kamar allura a zane, ya bar shi da rauni da fushi. Irin wannan gadun ne ya kori matan da ke ɗiban ruwa a rafi. Shi kuwa Baturen, harsashi mai laushin kai yake amfani da shi, wanda in ya shiga sai ya baje, dabba ta faɗi a wurin ba wahala. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, amma ni nake wanke rigar mai riƙewa.

Ranka ya daɗe, gyaɗarmu ta kusa nuna. Ita ce miyarmu, ita ce irin baɗi. Gadu ya tone kunya ta gabas duka, ya fara ta tsakiya. Na buga gwangwani har kafaɗata ta riƙe.

Roƙona dai kaɗan ne. A buɗe aljihun teburin nan a ba Malam ƙarfensa. In ya ɓace, a gaya mana gaskiya, maƙerin garin Kibiya ya ce zai gwada ƙera wani. Sannan a rubuta madubin cikin takarda, a canja mana harsashi kafin a fara cirar gyaɗa.

Madubin kam lafiyarsa lau, yana hannuna. Da hantsi nakan zauna a kan turmi in kara shi a ido, in ga gaduna tas, har haurensa, yana cin gumina a natse.

Allah ya ƙara maka girma, ya ja kwana, ya sa kada ka taɓa ganin abinka yana tafiya ƙiri-ƙiri hannunka bai kai ba.

Wassalam.

Hajara matar Malam Sale,
Rurum Tsohon Gari