Wa Ya Haƙa Rijiyar Baba?

Azare,
14 ga Mayu, 2006.

Zuwa ga Yaya Abdulrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, ya kuma kare ku a Fatakwal ɗin nan da ruwan sama ba ya hutawa. Mu nan duk lafiya. Hajiya ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma yi wa jikoki faɗa, ka san alamar lafiyarta ke nan. Na so in kira ka a waya, to amma ka san gidanmu, ana ɗaga waya Hajiya za ta matso da tabarmarta, maganar kuwa ba ta kunnenta ba ce tukuna.

Yaya, kwana huɗu ke nan na rasa sukuni, kuma ni na jawo wa kaina. Tun da aka buɗe kafen intanet a bakin titi, ɗaliban ajina sun samu sabon lalaci. In na ba su aiki, sai su je a buga musu takarda daga intanet, su miƙo mini ko karantawa ba su yi ba. Raina ya ɓaci, na kafa musu doka: duk labarin da yarinya za ta kawo, sai ta faɗi wa ya gaya mata, yaya aka yi shi ya sani, kuma wa ya tabbatar. Sannan na ce kowacce ta binciko tarihin wani abu na unguwarsu, wanda babu shi a kwamfuta. Har ina jin kaina, ashe mai dokar barci ce za ta ɓuge da gyangyaɗi.

Akwai Khaulat, 'yar maƙwabtanmu, mai shekara goma sha uku. Ita ta zaɓi rijiyar ƙofar gidanmu, Rijiyar Malam Umara. Na ji daɗi, na ce Baba zai shiga littafi. Ta fara da Hajiya, Hajiya ta ba ta labarin da muka tashi da shi, cewa Baba ya haƙa ta shekarar fari. Sai yarinyar ta tambaye ta cikin ladabi ko ta gani da idonta. Hajiya ta ce a'a, lokacin tana Giade wajen iyayenta tana jegona, ta dawo ta tarar ana jan ruwa. Daga nan Khaulat ta je wurin Iya Mariyamu mai daddawa. Ita kuwa ta ce wani Bafulatani ne, Jalo, wanda fari ya cinye masa shanu, Baba ya sauke shi a zaure wata uku. Da zai tafi ya ce ba shi da abin godiya sai ƙarfinsa, shi ne ya haƙa rijiyar. Yarinyar ba ta tsaya nan ba, tunda na ce sai an tabbatar. Ta kankare gansakukar gefen rijiyar, ta samu rubutun ajami a jikin siminti: aikin Jalo, sadaka. Jiya na je da kaina na durƙusa na karanta. Gani ya kori ji.

Ga inda damuwar take. Aikinta ya fi na kowa, kuma an zaɓe shi a karanta gaban iyaye ranar ba da kyaututtuka, ƙarshen watan gobe. Hajiya ta riga ta ba da ɗinki, tana gaya wa kowa za a karanta tarihin mijinta. Na yi tunanin in ce wa Khaulat ta sauya batu, ko in rage mata maki in ba wata. Wallahi har na ɗauki jan biro. Amma da wane ido zan sake tsayawa gaban ajin nan in ce su bi gaskiya? Kuma da wane ido zan dubi Hajiya a cikin taro? Ina tsoron duka biyun.

Kai kaɗai ka rage wanda yake gidan a lokacin, kana da shekara goma. Abin da ke ta yi mini yawo a kai shi ne, ban taɓa jin Baba da bakinsa ya ce shi ya haƙa ba. In an yaba masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ba mai aikin lada. Shekara da shekaru ina ɗaukar wannan kawaici ne.

Na dai ba yarinyar makinta cikakke, ba zan janye ba. Abin da nake roƙo, ka rubuto wa Hajiya kafin ranar, ta ji daga bakin ɗanta, kada ta fara ji daga lasifika. Ka gaishe da Anti Zulaiha da su Gali. Hajiya da Hadijatu suna gaisuwa.

In za ka rubuto, Yaya, ka faɗi abin da ka gani da idonka kawai. Wanda aka gaya maka, muna da shi a nan.

Ƙanwarka,
Saudatu.