Takardar Likita Ta Raba Ni da Firigo, Yanzu Ta Nufi Kekena

Zuwa ga Mai Girma Babban Likitan Zuciya,
Asibitin da aka sa mini na'ura a ƙirji,
Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, kai da ma'aikatanka baki ɗaya, har da mai tsaron ƙofarka, wanda shi ne sanadin da wannan wasiƙa ta zama buɗaɗɗiya, ta kowa da kowa. Sau uku ina zuwa, sau uku yana ce mini ba a ganin Likita sai da randebu, wato ranar da aka yanka wa mutum, ni kuwa nawa randebun sai nan da wata biyu. Maganar da ke tafe da ni ba za ta jira wata biyu ba, domin Juma'ar ƙarshen watan nan za a zartar da ita.

Sunana Mamman Lawali, tela ne ni. Asalina mutumin Tasawa ne, amma na shekara arba'in a Yamai. Gidana yana unguwar Goudel, shagona yana bayan kasuwar Petit Marché. Wata huɗu ke nan da ka tsaga ƙasan kafaɗata ta hagu ka sa mini na'urar nan mai daidaita bugun zuciya, wadda kuke kira da dogon suna, mu kuma a gida muke ce mata pil. Aikinka ya yi kyau, ranka ya daɗe. A matsayina na mai sana'ar allura na duba ɗinkin a madubi, ban ga abin kushewa ba. Jirin da ke kayar da ni ya tafi. Kukana ba a kan pil yake ba, a kan takardar da aka haɗo ni da ita ne.

Na farko. Ranar da za a sallame ni, da bakinka ka faɗa mini abu uku: kada in sa salula a aljihun ƙirji na hagu, kada in jingina da injin ba da wuta yana aiki, kada in je in tsaya a kan masu walda. Sauran kayan gida ka ce babu komai. Na ji da kunnena, amma ni kaɗai na ji, don matata Hajiya Hamsatu ta fita neman taksi. Da muka zo wucewa, sakatariyarka ta miƙa mata takarda mai hotunan kayan kuran, wato wutar lantarki, sun fi talatin, kowane hoto da ɗan da'ira a gefensa. Daga baya na gane asalin takardar mai launi ce: kore babu haɗari, ɗorawa a ɗan ja baya, ja a guje shi. To, masu launin sun ƙare, fotokopi aka ba mu. Firigo baƙi, tele baƙi, dutsen guga baƙi, injin walda baƙi, keken ɗinki baƙi. Ko fankar da ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba, baƙi ƙirin.

A gida 'yarmu Ramatu, wadda ke aikin ofis kuma ta fi ni Faransanci nesa ba kusa ba, ta karanta bayanin da ke ƙasan takardar. Ta ce da'ira iri uku ce, kowace da ma'anarta, sai dai duka ukun kamarsu ɗaya. Hajiya ta ce, "To, tunda ba a san wanne ne wanne ba, duka na gudu ne." Nan take ta dama ɗan ƙullu ta manna takardar a ƙofar falo. Har yau tana nan.

Na biyu, kuma wannan laifina ne, ba zan ɗora wa asibiti ba. Da farko abin ya yi mini daɗi. Hajiya tana da wa, Alhaji Seyni, wanda in ya kira ka a waya sai ya gaishe da kai, da gida, da zafi, da gajiyar shekaranjiya, kafin ya tuna abin da ya sa ya kira, sannan ya fara gaisuwar daga farko. Ranar da ya kira aka miƙo mini waya, sai na dafa ƙirji na kalli takardar da ke ƙofa. Aka janye wayar da sauri. Na ga abin ya ci, sai na ƙara da gugar kayana, da canza ƙwan fitila, da sauraron saƙonnin murya na dangi masu rigimar gona. Sati biyu ina hutawa kamar sabon ango. Da na farga na ce ai Likita ya ce babu komai, Hajiya ta ce, "Wane Likitan? Wanda ya hana ka gaisawa da yayana?"

Na uku. Ga yadda nake rayuwa yau, don ka san abin da injin fotokopinku ya aikata. An fitar da gadona daga ɗaki saboda akwai fanka a sama, an kai shi rumfar tsakar gida kusa da akurkin kaji. An ja layi da gawayi taku uku kafin ƙofar falo, in na tsallake shi gidan ya ɗauki salati. Firigon da na ɗauko da kaina a bayan mota, yau ban isa in buɗe shi ba, ruwan randa nake sha, kuma ka san zafin garin nan. Labaran rediyo daga gidan maƙwabci nake jin su ta kan katanga, rabi ya iso rabi ya tsaya a can. Ina jin a duk faɗin Yamai ni kaɗai ne mutumin da ke murna in an ɗauke kuran. Unguwa ta ɗauki tsaki, ni kuwa in kaɗe riga in shiga falona, in zauna a kujerata ina kallon tele a kashe, gumi yana zuba, raina fes. Da fitila ta ƙyafta, sai ka ji Hajiya daga kicin: "Malam, fita! Ya dawo!" In fito da gudun da ban yi ba tun ina saurayi.

Labari kuma bai tsaya a gida ba. A masallacinmu an tashe ni daga sahun gaba, inda na shekara ashirin, saboda kusa yake da lasifika. Mai askina ya ajiye injinsa ya koma mini da aska, ya yanke ni sau biyu. Matar da ke kawo mana kifi daga bakin kogi ta tambayi Hajiya, a gabana, ko kowace safiya ake sa ni caji ko sai na yi sanyi. Hajiya ba ta yi dariya ba, cewa ta yi za ta tambaya.

Na huɗu. Kada ka ce ban nemi mafita ba. A wajen wani suna a Gaweye na haɗu da Malam Garba, tsohon direba, wanda kai ne ka sa masa pil shekara biyu kafin ni. Na same shi zaune daidai ƙarƙashin fanka, da ruwan ƙanƙara a hannu ɗaya, salula a kunnen dama, yana ƙyaƙyata dariya. Na kusa yin kuka. Shi ne ya gaya mini takardarsa mai launi ce, kuma firigo da tele da keken ɗinki duk kore ne. Na kamo hannunsa har Goudel don ya ba da shaida. Hajiya ta yi masa fofo, gaisuwar Zabarmawa, ta kawo masa abinci, ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce ina takardar. Ya ce ta ɓace wajen tashin gida. Da ya tafi ta ce mutumin da ya iya ɓatar da takardar Likita ba za a karɓi maganarsa a kan ran mijinta ba. Ta ƙara da cewa ta lura idonsa ɗaya yana rawa, wataƙila fankar ce.

Na biyar, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. A shagona akwai keken surfani mai aiki da kuran. Shekara ashirin da shida muna tare. Da shi na yi aikin wuyan rigunan da rabin Alhazan Petit Marché ke zuwa Idi da su, da shi na aurar da 'ya'ya huɗu, kuma na san muryarsa kamar yadda na san tarin Hajiya. Tun da aka sallame ni yana lulluɓe da tsohon zane. Makon jiya aka yi taron dangi a gidana, aka zaunar da ni a bayan layin gawayi, su suna falo suna shan iska. Alhaji Seyni, wanda bai manta da maganar waya ba, shi ya jagoranci zaman. Aka yanke cewa tunda keken yana cikin takarda, Juma'ar ƙarshen wata za a ɗora shi a mota a kai wa wani ɗan'uwansu a Dosso, shagon kuma a ba mai sayar da albasa. Ni kuma in huta.

Ranka ya daɗe, tela ne ni, ba na magana sai da awo. Ka ce salula ta yi nesa da pil kamar taƙi ɗaya. Na ɗauki igiyar awona na zauna yadda nake zama a kan aiki, na auna daga pil zuwa injin da ke juya keken: taƙi uku da yatsa biyu. Na faɗa a taron. Alhaji Seyni ya ce shi bai san taƙi ba, baƙi ya gani a takarda.

Na shida. Akwai abin da ya kamata ka sani a matsayinka na likitana. Ran Talatar da ta wuce na ce za ni gaisuwar rasuwa, na zarce shago. Na yaye zanen, na sa wa keken mai, na ɗauko wata shadda da aka bar mini tun kafin rashin lafiya. Na taka shi a hankali, yatsana biyu a wuyana ina jin bugun. Babu abin da ya canza. Na saki wuyan na kama aiki, har la'asar na gama wuyan riga guda cif. Ban ji jiri ba, ban ji faɗuwar gaba ba, abin da na ji kawai daɗi ne, irin wanda na manta akwai shi. Na dawo gida da fuskar mai ta'aziyya, ban san akwai zare ruwan zinariya maƙale a hulata ba.

Hajiya ta gani. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsoshi. Sai kawai ta cire zaren, ta miƙo hannu na ba ta makullin shago, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ranar ba ta ci tuwo ba. Da na zagaya bayan kicin na same ta zaune a kan turmi tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce, "Kai ba ka ga lokacin da ka faɗi ba, Malam. Ni na gani." Gaskiyarta. Ranar da zuciyar ta tsaya mini ina alwala a bakin famfo, ni ban san komai ba sai a gadon asibiti. Ita ce ta ɗago kaina daga cikin ruwa tana kiran sunana, sunan da ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba tun da aka ɗaura mana aure. Na ji kunya, na ji tausayinta, kuma duk amsoshin da na tanada suka watse.

Saboda haka ga roƙona.

Ina roƙon ka sa a ba ni takardar nan mai launi, da hatiminka da sa hannunka a daidai hoton keken ɗinki, kafin Juma'ar da na ambata. Hajiya tana girmama hatimi ƙwarai. In masu launin ba su iso ba, a samo biro ja da kore a bi da'irorin da hannu, aikin minti biyar ne.

Ina roƙon a daina raba wannan fotokopi. Ban san gida nawa ya shiga ba, amma na tabbata akwai wani bawan Allah a wata unguwa da ke kwana kusa da kaji a kan laifin da bai yi ba.

Ina roƙon in za ku yi wa marar lafiya bayani, ku jira wadda za ta yi jinyarsa ta dawo daga neman taksi, ku faɗa mata da Hausa ko da Zabarmanci, ku bar ta ta yi tambaya har ta gaji. Mu marasa lafiya ba abin yarda ba ne, ni shaida ne a kan kaina.

Na ƙarshe, wanda ya fi sauran: ka ba Hajiya Hamsatu minti goma, ita ba ni ba. Ka gaya wa mai tsaron ƙofa wata dattijuwa za ta zo da takarda mai busasshen ƙullu a bayanta, ya bar ta ta shiga. Na san ƙusar da take rataye zanen nan mai makullin shago in za ta shiga wanka, kuma kwance ƙulli ba ya yi wa tela wuya. Ba zan taɓa shi ba. Ko da an ɗora keken a mota ina kallo, ba zan sake sa ta kuka a kan turmi ba. So nake ta ji daga bakinka, hankalinta ya kwanta, ta kwance makullin da hannunta ta miƙo mini.

Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya tsare ka da iyalinka, ya ba ka ladan zukatan da ka tayar, ya kuma sa wannan wasiƙa ta riga motar Dosso isowa.

Wassalam.

Naka mai godiya,
Mamman Lawali Tela,
Goudel, Yamai.