Ɗaya Cikin Arba'in da Shida

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ina fata kin daina taurin kai kina shan maganin. Ku ma'aikatan jinya kun fi kowa wuyar jinya, ko bayan ritaya.

Yaya, ina cikin damuwa, kuma in na kira ki kuka zan yi, shi ya sa na rubuto. Kin san a zangon nan ni aka ba darasin mutunta juna da kare kai a aji biyu na sakandare. Da farko in na ce musu jikin kowa nasa ne, sai su yi ta ƙyalƙyala dariya, ba mai tambaya. Sai na samo kwalin alli na huda shi, na ce kowa ya jefa tambayarsa ba suna. Don su saki jiki, ni na yanka musu takarda iri ɗaya, na raba fensir iri ɗaya, na ce a yi manyan baƙaƙe, mai tsoron in gane rubutunsa ya yi da hagu. Har rantsuwa na yi ba zan nemi kowa ba. Ni a dole mai dabara!

Tambayoyin duk na ƙuruciya ne, daga ƙurajen fuska sai wane ya ja min jaka. Sai ranar Laraba na warware wata: "Malama, kin ce mu gaya wa babban da muka yarda da shi. Idan shi ne yake yi fa? Kullum in an tashi makaranta."

Su arba'in da shida ne. Ban san ko mace ce ko namiji ba. Saura mako huɗu a yi hutu, ya koma wuni a gida. Me zan yi?

Ki gaida yara.
Ƙanwarki, Auta

Auta,

Na samu takardarki. Ƙafa da sauƙi, bar zancenta.

Ke dai tun kina ƙarama haka kike, sai kin ƙulle ƙofa kike tambayar ina makulli. Wace rantsuwa kuma? Yaro na cikin wuta kina maganar rantsuwa? Ki buɗe ido. Shekara talatin ina ganin irinsu a asibiti: mai zabura in an taɓa kafaɗarsa, mai gyangyaɗi a aji, wanda ake tashi ya ƙi tafiya gida. In kin gan shi, ki ja shi gefe ki tambaye shi kai tsaye. Ki kai wa shugaban makaranta takardar tun gobe.

Kada ki zauna kina min kuka.
Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi abin da kika ce, kuma komai ya lalace.

Shugaban makaranta ya karanta, ya juya bayan takardar yana neman suna. Ya ce, "Malama, wa zan ce wa hukuma? Fensir?" Ba mugun mutum ba ne dai. Na kwashe littattafan rubutunsu duka na baje a tebur ina gwadawa. Ina! Rubutun hagu duk kamar tafiyar kaza yake.

Akwai wata 'yar siririya a bencin baya, kullum ita ce ta ƙarshen fita. Na tsayar da ita na tambaye ta a hankali ko wani yana taɓa ta a gida. Yaya, ashe ƙanenta take jira daga firamare. Ta fashe da kuka ta je ta faɗa a gida. Washegari uwarta ta zo har ofis tana faɗa: "Mijina kike zargi? Abin da ake koya wa 'ya'yanmu ke nan?" Kafin Juma'a iyaye goma sha ɗaya sun kawo ƙara. An dakatar da darasin, an ce in cire kwalin.

Da na je ɗauke shi, na tarar da takarda ɗaya a ciki: "Kin ce ba za ki nemi kowa ba."

Yanzu in na shiga yi musu Turanci, ba mai haɗa ido da ni. Mai takardar nan ya miƙo min hannu sau ɗaya, ni kuma na nuna masa manya ba su da alkawari. Wallahi ko abinci ba ya wuce min.

Taki, Auta

Autata,

Ki yafe min. Ni a asibiti da suna da kati ake kawo min su, ban taɓa neman wanda ya ɓuya ba. Na yi miki tsawa a kan abin da ban sani ba.

Ba ni da wata dabara sai wannan. Ranar hutu ki rubuta lambar wayarki a allo, ki ce ta aikin hutu ce, ki tsaya a kan kowa sai ya kwafa a bangon littafinsa. In duka suka kwafa, ba wanda ya tona kansa. Sauran kuma sai addu'a, ina taya ki.

Ki ci abinci, don Allah.
Yayarki

Yaya,

Barka da war haka. Sun kwafa, duk arba'in da shidan, na bi benci benci na duba. Yau kwana tara da hutu. Ko wanka zan shiga, da wayar nake shiga.

Jiya da rana ina shanya sai ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka, shiru, sai numfashin yaro. Na ce, "Ni ce Malama, ina jin ka, ba sai ka faɗi suna ba." Sai na ji ƙarar buɗe ƙofa, aka kashe.

Na daure minti biyar, na kasa, na kira. Wani mutum ya ɗauka, murya a natse, da ladabinsa. Ya ce, "Wa ke magana? Wa kike nema?"

Yaya, na buɗe baki, ba ni da sunan da zan faɗa. Na ce masa kuskuren lamba ne. Ya ce ba komai, Allah ya ba da sa'a.

Na kai wa shugaban makaranta lambar, ya ce zai miƙa ta gaba. Yau da safe na sake gwadawa, a kashe take.

Auta