Wuƙar Baba da Baht Ɗaya

Bangkok, 4 ga Mayu

Yaya Lamduan,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da kasuwar kifi.

Shekara shida ke nan babu takarda tsakaninmu, don haka ba zan cika ki da surutu ba. Tambaya ce da ni a kan wuƙar tsarin Baba, wadda kika aiko mini bayan an ƙona gawarsa ban zo ba. Yanzu ina da irinta talatin da ɗaya, kowacce na san maƙerinta da malamin da ya yi mata rubutu. Ta Baba kaɗai ta gagare ni. Ƙarfen tsoho ne, zoben azurfa uku na kuben irin na haikalin garinmu ne, amma rubutun tsarin a karkace yake, ƙotar kuma itacen tsamiya ce, ba hauren giwa ba. Masana biyu sun duba da gilashi, sun ce jabu ce. Ko kin san asalinta?

Na gane abin da kike nufi da kika aiko ta kyauta, kuma ban ga laifinki ba.

Ƙaninki,
Prayun

Uthai Thani, 15 ga Mayu

Prayun,

Muna lafiya. Kifi yana nan yana wari, mu kuma muna nan muna ci da shi.

Ka ce wa masanan naka su wanke gilashinsu. Luang Ta Phuang ne ya yi rubutun, tsohon malamin haikalinmu, lokacin ya haura tamanin, hannunsa na rawa ko cokali ya riƙe. Ƙotar kuwa da can hauren giwa ce. Shekarar da zazzaɓi ya kusa tafiya da kai, kana ɗan shekara uku, Baba ya cire ta ya sayar, aka kai ka asibiti a kwalekwale. Da ya dawo ya sassaƙa wata daga tsamiyar bayan gida. Wata biyu wuƙar nan tana ƙarƙashin matashinka tana kore maka iskoki, ni ke gyara ta don kada ka juya ƙafarka ta taɓa ta.

Sai maganarka ta ƙarshe. Me nake nufi, malam masani? Ko mai yankan kankana a kasuwa ya san ba a karɓar wuƙa kyauta, sai ta yanke zumunci. Wanda aka ba wuƙar, shi ne ke miƙa ɗan ƙarfen kuɗi. Na aiko maka abin da ya fi komai daraja a gidan nan, na zauna jiran ƙwandalar baht ɗaya. Wata uku ina tare mai kawo wasiƙa a bakin hanya, har matarsa ta fara hararata. Na yi kuka, daga baya na yi fushi, fushin ya fi sauƙin ɗauka.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi,
Lamduan

Bangkok, 21 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki, kaina a ƙasa.

Da na buɗe kunshin ban ga ko layi ɗaya daga gare ki ba, sai na ce Yaya ba ta mantuwa da al'ada, da gangan ta ƙi neman kuɗin, ta yanke ni ke nan. Kunyar rashin zuwana ta hana ni tambaya. Jiya na ɗora wuƙar a saman dukkan sauran, na daɗe ina shafa ƙotar.

Ki taɓa kusurwar ambulan ɗin, na manne baht ɗin da kyau. Idan bai yi latti ba.

Prayun

Uthai Thani, 29 ga Mayu

Prayun,

Ya iso. Yana gaban hoton Baba.

Ranar tara ga wata mai zuwa za mu kai wa malaman haikali abincin sadakar Baba. Ka zo da wuƙar, a motsa ruwan albarka da ita kamar da. Na fara jiƙa kifin da kake so.

Kada ka zo mini da masana.

Yayarka,
Lamduan